Taurari a Bango: Lada da Alheri Cikin Renon 'Ya'ya

A gidaje da yawa na masu bi, musamman a birane, a kan ga wata takarda manne a bangon ɗaki. An ja mata layuka, an rubuta kwanakin mako a sama, an jera ayyuka a gefe: sharar tsakar gida, wanke kwanuka, wanke hannu kafin cin abinci, kwanciya a kan lokaci. Duk ran da yaro ya cika ɗaya, sai uwa ta manna masa ɗan tauraro, ko ta yi alama da alli. Idan taurari suka kai goma ko ashirin, a ba shi alewa, ko ƙwallo, ko 'yan kuɗi. A wani gida kwalba ce a ke jefa tsakuwa a ciki har ta cika. Dabarar ɗaya ce, watau a sa yaro ya ga kirkinsa da idonsa yana taruwa.

Iyaye sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Waɗansu suna cewa gani ya kori ji, tun da suka fara sun huta da tsawa da bulala. Waɗansu kuwa suna cewa wannan toshi ne, yaron da aka saba biyansa, ran da aka aike shi zai tsaya ya tambayi nawa za a ba shi. Maganar ba ƙarama ba ce, 'yan'uwa, gama a hannun uba da uwa ne yaro ya ke fara sanin yadda Allah ya ke. Idan ya koyi a gida cewa yarda abin saye ce, da wannan lissafi zai tsaya a gaban Ubangiji sa'an da ya girma.

Asalin dabarar

Ba sabon abu ba ne a faranta wa yaro rai don ya yi aiki. Kakanninmu sun san tukwicin ɗan aike, uwa kuma ta san wanda za ta ba ƙanzo cikin 'ya'yanta idan an wanke tukunya. Abin da ya ke sabo shi ne rubutawa da ƙidayawa.

A shekarar 1798 wani malami mai suna Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a birnin London domin 'ya'yan matalauta. Da yaran suka yi masa yawa, sai ya riƙa ba mai ƙwazo tikiti, wanda ya tara tikiti ya musanya su da abin wasa. Makarantun Lahadi na Ingila da Amurka suka yi irin wannan domin haddar ayoyi. Daga baya wani masanin halayya a Amurka, B. F. Skinner, ya ba dabarar tushe na ilimi. Cikin littafinsa na shekarar 1938 ya bayyana yadda ya sa ɓera cikin akwati mai ɗan ƙarfe, duk sa'an da ɓeran ya taka ƙarfen sai ƙwayar abinci ta faɗo, ba da jimawa ba ɓeran ya ƙware da takawa. Ya kuma nuna cewa idan aka tsai da abincin ɗungum, takawar ta kan ragu har ta mutu. Daga irin wannan ilimi ne allon taurari na zamaninmu ya fito. Babu shakka yana aiki. Abin tambaya shi ne, wane irin aiki ya ke yi cikin zuciyar yaro, wanda ba ɓera ba ne, an halicce shi cikin surar Allah?

Littafi Mai Tsarki bai ƙi lada ba

Kada mu fi Littafi tsanani. Manzo Bulus, sa'an da ya ke yi wa yara magana a Afisawa 6:1-3, ya tuna musu cewa dokar girmama iyaye tana tafe da alkawari. Marubucin Ibraniyawa ya yabi Musa domin ya bar wadatar Masar yana sa ido ga sakamako (11:26). Ubangijinmu da kansa ya yi maganar lada sau da yawa cikin Matta 5 da 6, ya ce ko mai ba da ruwan sanyi ba zai rasa nasa ba (Matta 10:42). Wanda ya ce kowane irin lada ƙazanta ne ya ɗora wa yara nauyin da Allah bai ɗora wa manya ba.

Littafi bai ƙi alamar da ido ke gani ba kuma. Allah ya san mu masu mantuwa ne. Sa'an da Isra'ila suka haye Urdun, Joshua ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin 'ya'ya su gani su tambayi iyayensu ma'anarsu (Joshua 4:20-24). An umurci jama'a su sa tuntaye a gefen tufafinsu da zare shuɗi, domin su duba su tuna da dokokin Ubangiji (Littafin Lissafi 15:38-39). An ce su rubuta maganarsa a madogaran ƙofofinsu (Kubawar Shari'a 6:9). Gidan Ba'isra'ile cike ya ke da abin gani domin koyar da yara.

Amma ku lura da inda waɗannan alamu suka fuskanta. Duwatsun Gilgal suna shaidar abin da Allah ya yi, tuntaye suna tunasar da abin da Allah ya ce. Babu ɗaya a cikinsu da ke ƙidaya kirkin mutum. Sa'an da aka juya fuskar alamar, sai ta lalace. Tuntayen nan da aka bayar domin tunawa, su ne malaman Attaura da Farisawa suka ƙara wa tsawo domin mutane su gan su, Yesu kuwa ya tsauta musu (Matta 23:5). Zaren bai sāke ba, launinsa bai sāke ba, abin da ya ke faɗa wa zuciya ne ya sāke. Haka takardar bango ta ke. Tana iya ce wa yaro, ga abin da ya kamace ka yau. Tana iya ce masa kuma, ga bashin da ka ke bin mutanen gidan nan.

Abin da masu bincike suka gano

A shekarar 1973 masana uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka buga labarin wani gwaji da suka yi a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Suka zaɓi yaran da dama can suna son zane da alƙaluman launi, suka kasa su kashi uku. Kashi na fari aka yi musu alkawari cewa idan sun yi zane za a ba su takardar yabo mai tauraro mai ruwan zinariya da jan ƙyalle. Kashi na biyu aka ba su takardar bayan sun gama, ba tare da alkawari ba. Kashi na uku ba a ba su kome ba. Bayan mako ɗaya ko biyu aka ajiye alƙaluman cikin aji, aka ɓuya ana kallo. Yaran da aka yi wa alkawari suka yi zane wajen rabin lokacin da sauran suka yi. Abin da dā wasa ne a gare su ya zama aikin lada, da babu lada kuwa sai marmari ya ragu. Waɗanda aka ba kyautar ba zato ba su yi hasarar kome ba.

A shekarar 2008 Felix Warneken da Michael Tomasello suka buga wani gwaji da ya fi kusa da maganarmu. Jarirai ne 'yan wata 20. Babba ya kan yar da wani abu kamar ya kasa kaiwa gare shi, yaro ya ɗauko ya miƙa masa, gama yawancin yara haka su ke yi ba sai an roƙe su ba. Waɗansu aka ba su abin wasa duk sa'an da suka taimaka, waɗansu aka yabe su da baki, waɗansu ba a yi musu kome ba. Da aka daina ba da kome, yaran da aka saba ba abin wasa su ne taimakonsu ya ragu. Waɗanda aka yaba da baki suka ci gaba kamar dā.

Kada a ɗauki wannan fiye da abin da ya faɗa. Gwaje-gwajen sun shafi abin da yaro ya riga ya so da kansa. Aikin da ba ya so tun farko, kamar goge haƙora ko tashi da sassafe, babu marmarin da lada zai kashe a ciki, a nan kuwa taurari su kan taimaka har abin ya zama jiki. Darasin dai a fili ya ke: lada da aka yi ciniki a kansa yana iya kafa al'ada, yana kuma iya kashe ƙauna. Shaiɗan ya riga masana yin wannan zato. Ƙarar da ya kai a Ayuba 1:9-11 ita ce Ayuba yana tsoron Allah ne domin abin da ya ke samu, idan aka ɗauke shinge da dukiya, ibadarsa za ta rushe. Ayuba ya ƙaryata shi. Ko 'ya'yanmu za su ƙaryata shi ran da taurari suka ƙare?

Bawa, ɗan ƙodago, da ɗa

Basil, bishop na Kaisariya ta Kafadokiya, wanda ya rasu a shekarar 379, ya koya wa almajiransa cewa masu biyayya iri uku ne. Akwai mai gudun mugunta don tsoron hukunci, shi ne bawa. Akwai mai bin doka don ribar da zai samu, shi ne ɗan ƙodago. Akwai kuma mai yin nagarta don ƙaunar wanda ya umurta, shi ne ɗa. Gidan da babu kome a ciki sai bulala yana renon bayi. Gidan da babu kome sai taurari yana renon 'yan ƙodago. Na biyu ya fi na fari sauƙi, amma dukansu biyu ba su kai inda Bishara ta ke so ta kai mu ba.

Ku duba misalin Luka 15 da wannan ido. Ƙaramin ɗan, sa'an da ya komo cikin hankalinsa, ya shirya ya roƙi ubansa ya ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodagonsa. Yana so ya biya. Uban bai bari ya kai ga wannan roƙo ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalma. Babban ɗan kuwa ya tsaya a waje yana ƙidaya shekarun bautarsa, yana cewa bai taɓa ƙetare umurni ba, amma ko ɗan akuya ba a ba shi ba. Allonsa cike ya ke da taurari, zuciyarsa cike da ɗaci. 'Ya'yan nan biyu cuta ɗaya ke damunsu: kowannensu ya ɗauki ubansa mai gona ne da ke biyan ijara. Amsar uban ga babban ita ce tunasarwa cewa kullum yana tare da shi, dukan abin da ke gidan kuwa nasa ne tun dā. Me zai saya da bautarsa, alhali an riga an ba shi?

Misalin ma'aikatan gonar inabi yana koyar da abu ɗaya. Bitrus ya tambayi abin da za su samu tun da sun bar kome (Matta 19:27). Yesu bai hana shi amsa ba, ya yi alkawarin riɓi ɗari, sa'an nan ya ba da misalin a sura 20. Waɗanda aka ɗauka da sassafe su kaɗai aka yanka wa farashi, dinari guda a yini. Da yamma suka karɓi daidai abin da suka shirya, su ne kuma kaɗai suka tafi da gunaguni, gama idonsu yana kan hannun maƙwabcinsu.

A nan harshen Helenanci yana taimakonmu. A Romawa 6:23 Bulus ya yi amfani da kalmomi biyu dabam. Abin da zunubi ke biya ya kira shi da kalmar da a ke kiran albashin soja, ita ce kuma Yohanna Mai Baftisma ya faɗa wa sojoji a Luka 3:14. Rai na har abada kuwa ya kira shi da kalmar kyautar alheri. Mutuwa a ke biya, rai bayarwa a ke yi. To, ina matsayin ladan da Yesu ya alkawarta? Katekismar da aka rubuta a Heidelberg ta ƙasar Jamus a shekarar 1563 ta amsa a tambaya ta 63 cewa wannan lada daga alheri ya ke, ba domin mun cancanta ba. Kamar uba ne da ya saya wa ɗansa 'yar fartanya, ya kai shi gona, ya gyara kunyar da yaron ya ɓata, da yamma kuma ya yaba masa a gaban uwarsa. Yabon gaskiya ne, amma ba bashi ba ne. Irin wannan lada ne ya dace da gidan Kirista.

Mai raka yaro makaranta

A Galatiyawa 3:24-25 Bulus ya kwatanta Shari'a da wani bawa da Helenawa da Romawa masu hali su kan sa ya lura da ɗansu. Aikinsa shi ne ya raka yaro makaranta, ya tsare shi a hanya, ya koya masa ladabi, tun yana wajen shekara 6 ko 7 har ya balaga. Mutum ne mai amfani, amma ba shi ne uba ba, kuma aikinsa yana da ranar ƙarewa. Idan haka Shari'a mai tsarki ta ke, balle takardar bango? Wanda zai yi aiki da ita, ga shawarwari.

Na fari, a sa mata ayyuka kaɗan, biyu ko uku, irin waɗanda hannu ke yi, ido ke gani, yaro kuma yana shan wuyar sabawa da su. Kada a sa jinƙai, ko faɗin gaskiya, ko addu'a, ko rabon abinci da ƙane. Jinƙai da addu'a Ubangiji ya ce a yi su a ɓoye domin Uba mai ganin abin da ke ɓoye (Matta 6:1-6). Yaron da a ke ba tauraro domin ya yi addu'a yana koyon yin addu'a ga mai riƙe da taurari.

Na biyu, akwai abubuwan da ba su hawa allo ko kaɗan: abinci, sutura, makaranta, magani, runguma, da albarkar dare. Hakkin ɗa ne tun ran da aka haife shi. Ran da layinsa ya kwana babu tauraro ko ɗaya, ran nan ne ya fi bukatar uba ya zaunar da shi kusa, gama tun muna masu zunubi ne Kristi ya mutu dominmu (Romawa 5:8). Kada kuma a goge tauraron jiya saboda laifin yau. A hori laifin a kan kansa, a gafarta, a wuce.

Na uku, kada a jera sunayen yara a takarda ɗaya ana gwada su. Yakubu ya ba Yusufu riga ta musamman, kowa a gidan yana ganinta kullum, ƙarshenta kuwa rami ne da jinin akuya (Farawa 37). Wani yaro shiru ya ke tun haihuwa, taurari ba su yi masa wuya. Wani jininsa a tafashe ya ke, zaman minti goma a gare shi ya fi noman kunya goma. Allo ba ya ganin wannan, Allah yana gani (1 Sama'ila 16:7). A yi hankali ƙwarai a gidan da akwai maraya ko ɗan riƙo, wanda sau da yawa shi ne mai yawan aiki, shi ne kuma mai ƙarancin yabo. Idan yara suna da yawa, gara kwalba ɗaya ta dukan gida, kowa ya jefa tsakuwarsa, idan ta cika a yi murna tare.

Na huɗu, kada tauraro ya tafi shi kaɗai, magana ta raka shi. A faɗa wa yaro abin da ya yi da wanda ya amfana: "Ka share ƙofar kaka, yau ba ta sunkuya da ciwon bayanta ba." Abin da za a ba shi kuwa, gara ya zama zuwa gona da baba, ko tatsuniya biyu maimakon ɗaya, da a ba shi kuɗi. Wani lokaci kuma a yi masa kyauta haka kawai, ba dalili, domin ya san ɗanɗanon alheri.

Na biyar, tun ran da aka manna takardar a san ranar cire ta. Mai dashen mangwaro ya kan kewaye shi da ƙaya saboda awaki, idan itacen ya fi ƙarfin bakin akuya sai ya kwashe. Bayan makonni kaɗan, idan aikin ya zama jiki, a kira yaro a ce masa ya girma, ba ya bukatar a ƙidaya masa. Ranar cirewa ce ranar girmamawa.

Wata riba ga iyaye

Akwai amfani ɗaya da ya kamata masu ƙin allon su yi tunani a kansa. A gidaje da dama ba a kiran sunan yaro sai ya yi laifi. Ya yi aike tara daidai ba wanda ya tanka, na goma ya zubar da manja, duk unguwa ta ji. Bulus ya gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai (Kolosiyawa 3:21). Uwar da ke neman abin da za ta manna wa tauraro ta kan fara ganin kirkin da dā ba ta gani. Sau da yawa idon iyaye ne takardar ta fi gyarawa. Idan ido ya gyaru, baki ya koyi cewa "Madalla, Allah ya yi maka albarka," to, ko babu takarda gidan ya sami abin da ya ke nema.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne. Sai dai mu san gefen da mu ke tanƙwara shi. A daren da aka bashe shi, Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa ya daina kiransu bayi, abokai ya ke kiransu (Yohanna 15:15), ya kuma ɗaura kiyaye dokokinsa a kan ƙaunarsa (14:15). Ƙauna ce a gaba, biyayya tana binta. Wata rana ɗanku zai kasance a wani gari inda babu bango, babu tauraro, babu mai kallo, ga kuɗin wani a hannunsa, ko ga mabukaci a ƙofarsa. Abin da zai yi a ran nan shi ne gwajin renon da kuka yi masa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin tukwici da toshi? A wane lokaci kyautar da mu ke yi wa yaro ta kan zama toshi?

2. A karanta Luka 15:25-32. Da babban ɗan naku ne, me za ku faɗa masa a bakin ƙofa?

3. A gidanku, wane yaro ne a ke yawan yabo, wane ne kuma ba a yabonsa? Me ya sa?

4. Kyautar da mu ke ba masu haddar ayoyi a Makarantar Lahadi, ta yaya za mu tsara ta domin yara su so Maganar fiye da kyautar?